Dangi mai lamba 110: yadda aka nemi ƙwayar gadon ciwon baifola a cikin al'ummar Amish

A watan Fabrairun 1987 mujallar kimiyya ta Nature ta buga wani rahoto da ya karaɗe jaridun Amurka. Rahoton ya ce an gano inda ƙwayar gadon wani ciwon taɓin hankali take zaune a jikin ɗan Adam, wato a ƙarshen gajeren hannun kuromosom na 11 (kuromosom su ne zaruruwan da ƙwayoyin gado ke jere a kansu). Ciwon shi ne baifola. Hujjar kuwa daga dangi ɗaya tak aka samo ta, wasu manoma 'yan al'ummar Amish da ke gundumar Lancaster a jihar Pennsylvania, waɗanda masu binciken suka sa wa lamba 110 don sakaya sunayensu. Ba a cika shekara 3 ba, masu binciken da kansu suka dawo cikin wannan mujallar suka ce hujjar ta rushe.

Baifola ciwo ne da ke kai mai shi ƙarshen zumuɗi, ya kuma jefa shi ƙarshen baƙin ciki. Idan ya taso, mutum yakan yi kwanaki ba barcin kirki kuma bai ji gajiya ba, ya yi ta zuba, ya yi ta ɓarin kuɗi, ya ɗauko shirye-shiryen da suka fi ƙarfinsa yana ganin ba abin da zai gagare shi. Idan ya faɗo, sai ya kasa tashi daga shimfiɗa, abinci ya fita ransa, wani ma har ya fara tunanin kashe kansa. Tsakanin biyun yakan yi watanni ko shekaru lafiya ƙalau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 40 ne ke ɗauke da shi a 2019. Cewa yana bin jini ba sabon labari ba ne: binciken da aka yi a kan tagwaye ya nuna gado na ɗauke da kashi 60 zuwa 85 cikin 100 na bambancin haɗarin kamuwa tsakanin mutane. Abin da ya gagara shi ne a nuna wace ƙwayar gado ce.

Me ya sa Amish?

Amish Kiristoci ne da suka ɓalle daga 'yan uwansu a 1693 ƙarƙashin Jakob Ammann, suka baro yankunan da ake jin Jamusanci a Turai suka fara sauka Pennsylvania a ƙarni na 18. Har yau masu riƙo da tsohon tsari a cikinsu ba sa mallakar mota, ba sa jawo wutar lantarki cikin gida, keken doki suke hawa, kuma wani karin harshen Jamusanci suke yi a tsakaninsu. Ga mai binciken gado, kusan duk abin da yake addu'a ya samu yana nan. Al'ummar ta fito ne daga tsirarun kakanni. Ba sa aure sai a junansu. Gida ɗaya yakan haifi 'ya'ya wajen 7. Ba sa yawan ƙaura, suna kuma rubuta salsalarsu a littattafai tun daga waɗanda suka tsallako teku. Shaye-shaye, wanda ke rikita ganewar ciwon ƙwaƙwalwa a sauran Amurka, kaɗan ne ƙwarai a cikinsu.

An ma riga an ga amfanin haka. A shekarun 1960 likita Victor McKusick ya bi diddigin wani ciwon gado da ke haddasa gajarta da ƙarin yatsa, mai suna Ellis-van Creveld, ya tarar duk masu shi a Lancaster suna komawa ga mata da miji guda da suka iso a 1744. Ƙwayar gado ɗaya, tushe ɗaya, zance ya ƙare. Wanda ya ga wannan ba za a zarge shi ba idan ya zaci baifola ma haka zai kasance.

Wadda ta jagoranci aikin, Janice Egeland, ba likita ba ce, masaniyar zamantakewa ce da ta shafe shekaru tana zama da Amish kafin ta buɗe binciken a 1976. Wannan dogon zama shi ne jarinta. Mutanen da ba sa sakin jiki da baƙo sun saki jiki da ita, tsofaffin mata suna ba ta labarin wane gida ne ciwon ke bi, suna cewa a jini yake. Daga 1976 zuwa 1980 ita da abokan aikinta suka tantance mutum 112 masu ciwon ƙwaƙwalwa a cikin al'umma mai mutum wajen 12,500. Ba ita ke yanke hukunci ba. Bayanan kowane mara lafiya, bayan an cire suna, ana miƙa su ga wani kwamitin ƙwararru da bai san ko ɗan wane gida ba ne.

Nan ne aikin ya fi burge ni, domin sai da suka koyi yadda ciwon yake bayyana a cikin wannan al'ada. Littafin likitoci ya ce mai zumuɗin baifola yana tuƙin ganganci, yana ɓarnar dukiya, yana neman mata ba kai ba gindi. To wanda ba shi da mota fa? A wajen Amish alamar ita ce a ga mutum yana zabga wa dokinsa gudu fiye da ƙima, ko ya je ya sayo injin da coci ta hana, ko ya liƙe wa wayar tarho ta jama'a yana ta buge-buge, ko ya tashi shirin tafiya yawo a lokacin da kowa ke gona. Likitan birni zai ga waɗannan ya ce ba komai. Maƙwabcinsa kuwa da ya gani ya san ba lafiya ba. Kafin zuwan wannan bincike, da yawa daga cikin masu baifola a al'ummar an yi musu kuskuren cewa sikizofireniya ke damunsu, wato wani ciwon taɓin hankali daban mai sa jiye-jiye da gane-gane.

A 1985 Egeland da James Sussex suka fitar da wani sakamako mai nauyi. Sun bi duk waɗanda suka kashe kansu a al'ummar daga 1880 zuwa 1980, mutum 26, suka tarar kashi 92 cikin 100 suna da babban ciwon yanayi, wato baifola ko matsanancin baƙin ciki, kuma mafi yawansu daga dangi 4 kawai suka fito. Akwai wasu dangogin da ciwon ya yi musu yawa amma ba a taɓa samun wanda ya kashe kansa a cikinsu ba.

Lissafin da ya hau, ya kuma sauko

A wancan zamani ba a iya karanta DNA ɗin mutum gaba ɗaya. Dabarar ita ce a bi alamomi. Akwai wurare a kan kuromosom da aka san matsayinsu, kuma suna bambanta daga mutum zuwa mutum. Abubuwa biyu da ke kusa da juna a kan kuromosom yawanci tare ake gadonsu. Saboda haka idan aka ga wata alama tana bin masu ciwo daga kaka zuwa jika, tana tsallake masu lafiya, sai a ce ƙwayar ciwon tana nan kusa da ita. Da wannan dabara James Gusella da abokan aikinsa suka gano a 1983 cewa ƙwayar ciwon Huntington, wani ciwon gado mai lalata ƙwaƙwalwa, tana kan kuromosom na 4, bayan sun yi aiki da wani ƙaton dangi a gaɓar tafkin Maracaibo na Venezuela. Wannan nasara ce ta sa kowa ya zaƙu.

An ɗebi jinin mutum 81 na dangi mai lamba 110. Ɗakin gwajin David Housman a jami'ar MIT ya duba alamomin, masana a jami'ar Yale suka yi lissafin. Ana auna ƙarfin irin wannan hujja da wani maki: 3 na nufin bayanan sun fi dacewa da akwai alaƙa sau 1,000 a kan babu, kuma shi ne ƙa'idar da aka yarda da ita. Alamomi biyu, ɗaya ta ƙwayar HRAS ɗaya ta ƙwayar insulin, suka ba da maki sama da 4. Abin ya ƙara armashi da aka lura cewa a nan kusa akwai ƙwayar da ke sarrafa matakin farko na haɗa dofamin, sinadarin da jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo da shi. Komai ya yi kamar ya zauna daram.

Sai dai a cikin wannan fitowar ta mujallar akwai wasu rahotanni biyu, ɗaya a kan dangogin Iceland, ɗaya a kan wasu dangogin Arewacin Amurka, kuma duka biyun ba su ga wata alaƙa da kuromosom na 11 ba. Aka ce ai ba mamaki, kowane dangi da tasa ƙwayar. Bayani ne mai ma'ana, amma kuma irin bayanin da ke hana mutum ganin kuskurensa.

Abin da ya biyo baya ya faru ne saboda Egeland ba ta tattara kayanta ta tafi ba. Ta ci gaba da bibiyar mutanen. Mutum biyu da aka lissafa cikin masu lafiya suka kamu da ciwon daga baya. Aka kuma samu jinin wasu 'yan dangin da ba a gwada ba a da, aka ƙara wani reshe na dangin a lissafi. A irin wannan lissafi, mutum ɗaya da ya kamu alhali ba ya ɗauke da alamar yana iya zubar da maki mai yawa. Da John Kelsoe da abokan aikinsa, har da Egeland ɗin, suka sake lissafin, makin ainihin dangin ya faɗo ƙasa da 2, da aka haɗa da sabon reshen kuwa ya nutse ƙasa da sifili, wato bayanan sun koma suna musanta alaƙar. Suka buga wannan a Nuwamban 1989. Murna ta koma ciki.

Ba wanda ya yi maguɗi, ba kuma wanda ya yi sakaci da ganewar ciwon. Matsalar tana cikin zaton da aka gina lissafin a kai, cewa ƙwaya ɗaya ce mai ƙarfi, wadda kwafi ɗaya daga uwa ko uba ya isa ya jawo ciwon. Ga kuma wata matsalar da ciwon Ellis-van Creveld ba shi da ita: jariri mai yatsa shida ana ganinsa ranar haihuwa, amma mai baifola yana iya kai shekara 20 ko 30 kafin ciwon ya nuna kansa, don haka duk wanda aka rubuta "lafiya" a takarda, lafiyar ta wucin gadi ce. Wani rahoto makamancin wannan da ya fito a 1987 daga dangogin birnin Ƙudus, wanda ya nuna kuromosom X, shi ma ya yi rauni a 1993 bayan an sake dubawa. A 1996 an sake tace dangin Amish aka nuna kuromosom na 6 da na 13 da na 15, ba kuwa wanda ya tsaya da ƙafarsa.

Da aka samu damar karanta komai

An adana ƙwayoyin jinin mutanen a cibiyar Coriell da ke New Jersey, don haka da fasaha ta ci gaba aka koma musu. A 2014 wata tawaga ƙarƙashin Maja Bućan ta jami'ar Pennsylvania ta duba alamomin mutum 388 na babban dangin, ta kuma karanta DNA ɗin mutum 50 daga farko har ƙarshe. Idan akwai ƙwaya ɗaya da kakanni suka tsallako da ita, yanzu ba ta da wurin ɓuya. Ba a same ta ba. Abin da aka samu shi ne wurare da dama masu ɗan alamar alaƙa, kuma gidaje daban-daban a cikin dangi ɗaya suna ɗauke da haɗin sauye-sauye daban-daban. 'Yan uwa na jini, ciwo iri ɗaya, amma ba ta hanya ɗaya ya zo musu ba.

A wannan shekarar kuma likitocin wani asibitin yara masu ciwon gado da ke Strasburg, cikin yankin Amish, suka ba da rahoton wani sauyi a ƙwayar KCNH7, wadda ke gina ƙofar da sinadarin fotasiyom ke bi a jikin jijiyar ƙwaƙwalwa. Sauyin ba a cika samun sa a duniya ba, amma ya yawaita a Lancaster saboda ƙarancin kakanni, kuma ya fi yawa a masu ciwon. Hujja ce mai jan hankali, amma ta mutane kaɗan ce, kuma wanda ya san labarin 1987 ba zai yi saurin buga ganga ba.

A daidai wannan lokaci sauran masu bincike sun bar bin dangi ɗaya sun koma tara dubban mutanen da ba su da alaƙa da juna. A 2021 aka kwatanta masu baifola 41,917 da marasa shi 371,549, aka samu wurare 64 a DNA da ke da alaƙa da ciwon. A 2025, da masu ciwon suka kai 158,036, wuraren suka zama 298. Waɗannan sauye-sauye ne na gama-gari, kowa yana ɗauke da wasu daga ciki, kuma kowane ɗaya tasirinsa kamar ƙwayar gero ce a mudu: ba ta cika shi, amma da irinta ake cika shi. Yawancinsu ma ba a cikin ainihin ƙwayoyin gado suke ba, a gefe suke, shi ya sa da wuya a ce ga abin da suke lalatawa.

To ina matsayin sauye-sauyen da ba a cika samu ba, irin waɗanda aka je nema wurin Amish? Akwai dalilin da ya sa masu ƙarfi ba sa yawa. Sauyin da ke jawo mummunan ciwo yakan rage yawan 'ya'yan da mai shi zai bari, don haka ba ya yaɗuwa, yakan ɓace bayan 'yan zuriya, wani sabo ya ɓullo a wani gida. Gano irinsu na buƙatar mutane masu ɗimbin yawa. A 2022 Duncan Palmer da Benjamin Neale na cibiyar Broad da ke Amurka, tare da abokan aiki daga ƙasashe da dama, suka karanta sassan DNA masu gina furotin na masu baifola 13,933 da marasa shi 14,422. Suna neman sauyin da ke katse ƙwayar gado ta daina aiki. Sun tarar masu ciwon sun ɗan fi ɗauke da irin waɗannan sauye-sauye a ƙwayoyin da jiki ba ya jure lalacewarsu. Amma duk da wannan yawan mutane, ba ƙwaya ɗaya da ta haye ƙa'idar lissafi ita kaɗai. Sai da suka haɗa da bayanan masu sikizofireniya 24,248 sannan guda ɗaya ta fito fili: AKAP11, a kan kuromosom na 13. Wanda kwafinsa ɗaya na wannan ƙwaya ya lalace, haɗarinsa ya ninka kusan sau 7. A 2025 wani bincike da ya dogara da bayanan Iceland da Birtaniya ya sake tabbatar da ita, ya ƙara da wata mai suna HECTD2.

Ninki 7 abu ne babba idan aka kwatanta da na gama-garin, amma a yi lissafin a hankali. Idan mutum 1 ko 2 cikin 100 ne ke kamuwa, ninki 7 zai kai abin wajen 7 zuwa 14 cikin 100. Mafi yawan masu ɗauke da sauyin ba za su kamu ba ke nan. Sannan a cikin masu baifola, waɗanda ke da shi ba su taka kara sun karya ba. Ba shi ne dalilin ciwon miliyoyin mutane ba.

Darajarsa a wani wuri take. Tun 1949, lokacin da likita John Cade na Ostireliya ya gwada gishirin litiyom a kan masu zumuɗi, ake ba da wannan magani, kuma har yau yana cikin mafi inganci, ba tare da an gama sanin yadda yake aiki ba. Abu ɗaya da aka sani tun 1996 shi ne litiyom yana danne wani furotin mai suna GSK3B. Furotin ɗin da AKAP11 ke ginawa kuwa aikinsa shi ne riƙe wasu furotin a inda ya kamata su zauna a cikin ƙwayar jijiya, kuma GSK3B na cikin waɗanda yake riƙewa. Ga magani da aka samu ta hanyar gwaji fiye da shekaru 70 da suka wuce, ga kuma ƙwayar gado da aka samu ta hanyar lissafi, sun haɗu a wuri guda. Masu binciken sun duba ko masu sauyin sun fi jin maganin: cikin mutum 11 da aka samu bayanansu, 7 ya yi musu aiki sosai, 4 bai yi ba. Adadin ya yi kaɗan a gina komai a kai, su ma haka suka ce. Amma yanzu akwai abin da za a iya riƙewa a ɗakin gwaji. Ana iya kashe wannan ƙwaya a ɓera ko a ƙwayar jijiyar da aka raina a kwano a ga abin da ya canza, abin da ba zai yiwu da sauye-sauye 298 masu ƙaramin tasiri ba.

Inda labarin ya taɓa mu

Mu da muka saba da gwajin jini kafin aure, har jihar Kano ta mayar da shi doka a 2024, tunaninmu game da ciwon gado a kan sikila ya ginu. Sikila kuwa harafi ɗaya ne ya sauya a ƙwaya ɗaya, wadda (abin mamaki) take kan gajeren hannun kuromosom na 11, ba nisa da wurin da aka zarga a 1987. Idan AS ya auri AS, kowane ciki na da haɗarin 1 cikin 4 na zama SS, kuma takardar asibiti za ta faɗa maka gaskiya. Baifola ba shi da irin wannan takarda. Babu wani gwajin DNA da zai ce wannan saurayi zai kamu ko 'ya'yansa za su kamu, kuma duk wanda ya ce zai sayar maka da irinsa, kuɗinka yake so.

Abin da likita ke dogara da shi har yanzu shi ne abin da tsofaffin matan Amish suka ba Egeland, wato tarihin gida. Shi ma ya kamata a karanta shi daidai. Wanda mahaifinsa ko ɗan uwansa ke da baifola, haɗarinsa ya kai wajen 5 zuwa 10 cikin 100, ya fi na sauran jama'a nesa ba kusa ba, amma 9 cikin 10 ba za su kamu ba. Ko tagwayen da DNA ɗinsu iri ɗaya ne, sau da yawa ɗaya yana kamuwa ɗayan bai kamu ba. A ganina iyayen da ke fasa aure don an ce akwai taɓin hankali a gidan su yarinya suna amfani da lissafin sikila ne a inda bai dace ba. Amfanin sanin tarihin gida shi ne a gane alamun da wuri, musamman raguwar barci ba tare da gajiya ba a matashi, a kuma gaya wa likita, domin ba wa mai baifola maganin baƙin ciki shi kaɗai na iya tunzura shi ya faɗa zumuɗi.

Akwai kuma giɓin da ya shafe mu kai tsaye. Duk masu baifola da marasa shi da aka karanta DNA ɗinsu a binciken 2022 Turawan asali ne. Sauyin da ba a cika samu ba yawanci sabo ne a tarihin ɗan Adam, don haka yakan tsaya a cikin al'ummar da ya ɓullo, kamar yadda na KCNH7 ya taru a Lancaster. 'Yan Afirka sun fi kowa bambancin DNA a tsakaninsu, ma'ana akwai sauye-sauye da yawa a nan da ba za a taɓa gani a jinin mutanen Sweden ko Holan ba. Wani shiri mai suna NeuroGAP ya tattara samfurin dubun-dubatar mutane, masu baifola da sikizofireniya da marasa su, don rage wannan giɓi. Ƙasashen da ya yi aiki a cikinsu su ne Habasha da Kenya da Uganda da Afirka ta Kudu, babu ko ɗaya daga Afirka ta Yamma.